Tiyatar ɗage fatar fuska

Tiyatar ɗage fatar fuska aiki ne na kwalliya da ake yi domin rage yamushewar fata da saukowar kumatu da tsufa ke kawowa. Likita yakan yanka daga gefen goshi, ya bi ta gaban kunne zuwa bayansa, ya ja fatar tare da naman da ke ƙarƙashinta, ya yanke rarar, ya ɗinke. Aikin ba ya tsayar da tsufa. Bayan kimanin shekara 10 fata kan sake saki.

Ana danganta farkonsa da Eugen Holländer, likita a Berlin, a 1901.

A Amurka, matsakaicin ladan likita kaɗai ya kai dala 11,395 a 2023, ban da kuɗin allurar barci da ɗakin tiyata. A Birtaniya, aikin fuska da wuya kan kai fam 10,000. Inshorar lafiya ba ta cika biya ba, tunda ba magani ba ne.

Matsalar da ta fi aukuwa ita ce taruwar jini ƙarƙashin fata. Masu shan sigari sun fi fuskantar mutuwar fata a wurin yankan.