Asalin Zanen Bayani: Daga Teburin Playfair Zuwa Ibadan

Ɗalibin da ya fara koyon zanen bayani, wato sana'ar mayar da alƙaluma su zama hoton da ido zai karanta, tun a makonnin farko ake jera masa dokoki. Ginshiƙin da ke nuna adadi dole ya tashi daga sifili. Launi ba ya shigowa sai da aikin da zai yi. In kana son nuna ninki biyu na jama'a, zana mutum biyu masu girma ɗaya, kada ka zana ƙato guda. Sau da yawa ɗalibai kan haddace waɗannan kamar haka aka tashi aka gan su. Alhali kowace doka akwai wanda ya sha fama kafin ta tabbata, kuma mafi yawan mutanen nan ba zane ne sana'arsu ta asali ba. Akwai injiniya a cikinsu, da likita, da ma'aikaciyar jinya, da masanin tattalin arziki. Abin da ya haɗa su shi ne suna riƙe da hujja, amma waɗanda ya kamata su ji ta ba za su taɓa zama su karanta dogon jadawali ba.

Taswirar ƙasa tsohuwar aba ce, amma zana kuɗi ko ciniki ko mace-mace, abubuwan da ba su da siffa, bai wuce shekara ɗari biyu da 'yan kai da kankama ba. Wanda aka fi jingina wa farawar shi ne William Playfair, ɗan Sikotilan da aka haifa a 1759, wanda ya yi aikin zanen injuna a ƙarƙashin James Watt. A 1786 ya fitar da littafi kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe. Ya shimfiɗa shekaru a kwance, ya tsayar da kuɗi a tsaye, ya ja layi ɗaya na kayan da ake shigowa da su, wani kuma na waɗanda ake fitarwa. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu ita ce riba ko giɓi, kuma mai kallo na ganinta kafin ya karanta ko da lamba ɗaya. Da ya zo kan Sikotilan sai ya tarar alƙaluman shekara guda kacal gare shi, babu yadda za a ja layin lokaci. Dole ta sa ya ba kowace ƙasa da ake ciniki da ita sanda mai tsawo daidai da adadinta. Zanen ginshiƙai da yau ya cika jaridu da rahotannin ofis daga wannan ƙarancin ya fito. A 1801 kuma ya yanka da'ira gida-gida don nuna yadda ƙasar Daular Usmaniyya ta rabu tsakanin Asiya da Turai da Afirka.

Mutanen zamaninsa a Ingila ba su rungumi abin da hannu biyu ba. Sai da annoba da yaƙi suka zo aka ga amfaninsa.

A ƙarshen watan Agusta na 1854 cutar kwalara ta ɓarke a unguwar Soho da ke Landan, cikin kwana goma ta kashe sama da mutum 500. A lokacin yawancin likitoci sun yi imani gurɓatacciyar iska ce ke kawo ta. Likita John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗibar ruwa, ya gano cewa famfon titin Broad ne ya haɗa su. Ma'aikatan wani kamfanin giya da ke kusa, waɗanda ba sa shan ruwan famfon, sun tsira. Hukumar unguwa ta cire hannun famfon a ranar 8 ga Satumba. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa ɗan baƙin layi a ƙofar kowane gida a madadin kowane rai da aka rasa, sai ga layukan sun taru sun yi tsibi a kewayen famfon. Ana yawan ba da labarin kamar taswirar ce ta tona asirin cutar. Gaskiyar ita ce bincike da ƙafa ne ya riga, zanen ya biyo baya don gamsar da masu musu. Wannan jeri yana da muhimmanci ga mai koyo, domin wanda bai san amsar tambayarsa ba, babu launin da zai cece shi.

A cikin shekarar dai Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Birtaniya da ke Scutari, a Istanbul ta yau, lokacin yaƙin Kirimiya. Ta ga sojoji na mutuwa da zazzaɓi da gudawa fiye da yadda harsashi ke kashe su. Bayan ta koma gida ta haɗa kai da masanin ƙididdiga William Farr, a 1858 ta fitar da zanenta mai kama da fure: da'ira mai yanki 12, kowane yanki wata guda. Shuɗi na waɗanda cututtukan da za a iya kaucewa suka kashe, ja na waɗanda rauni ya kashe, baƙi na sauran dalilai. Shuɗin ya mamaye takardar. A da'ira ta biyu, bayan an aiko da kwamitin tsafta a watan Maris na 1855 an gyara magudanai da iskar ɗakuna, sai ya yi ta tsukewa. Manyan jami'an gwamnati da na soja take nufi da wannan zane, mutanen da ta san rahoto mai ɗaruruwan shafuka zai kwana a kan teburinsu ba a buɗe ba.

Biyu daga cikin ayyukan da suka biyo baya sun cancanci ɗalibi ya zauna ya ƙura musu ido. A 1869 injiniyan Faransa Charles Minard, yana ɗan shekara 88, ya zana tafiyar rundunar Napoleon zuwa Rasha a 1812. Faɗin layin shi ne yawan sojoji, milimita ɗaya a madadin mutum 10,000. Ya fara da kauri da mutum 422,000, ya isa Mosko da 100,000, ya dawo siriri kamar zare da 10,000, ga ma'aunin sanyi na tafe a ƙasansa. Sai kuma W.E.B. Du Bois, wanda a 1900 ya kai zane kusan 60 bajekolin duniya na Faris, yana nuna yadda baƙaƙen fatan Amurka suka ci gaba a ilimi da mallakar filaye bayan bauta. Da hannu aka yi su, da tawada da fenti, kuma ɗalibai da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Atlanta na cikin waɗanda suka yi aikin.

Amma inda abin ya tashi daga basirar mutum ɗaya ya zama tsari da za a iya koyarwa shi ne birnin Biyana na Ostiriya. A 1925 Otto Neurath ya buɗe gidan nune-nune na zamantakewa da tattalin arziki, domin leburan da ya taso daga aiki a gajiye ya shiga ya fahimci yadda harajin birni ke komawa gina gidaje da rage mutuwar jarirai. Dokar gidan ta farko ita ce ta zana mutum biyu maimakon ƙato guda, wadda aka ambata a sama, kuma dalilinta lissafi ne. Ɗauki hoton mutum mai tsawon inci ɗaya, ka ninka tsawonsa don nuna ninki biyu. Faɗinsa ma zai ninka, filin da ya ci a takarda ya zama ninki huɗu, ido kuwa fili yake gani. Ka yi ƙarya ke nan ba tare da ka canja lamba ko ɗaya ba. Saboda haka suka ce alama ɗaya ta tsaya wa adadi ɗaya, a jera ta a layi gwargwadon yawa, mai kallo ya ƙirga da idonsa. Gerd Arntz, Bajamushe mai sassaƙa hoton bugawa, shi ya tsara alamomin, ya kai kimanin 4,000. Marar aikin yi, alal misali, mutum ne a tsaye hannuwa cikin aljihu, babu fuska, babu ado.

A tsakanin masanin da ya kawo alƙaluma da mai zanen da zai fitar da su, Neurath ya ajiye mutum na uku, mai sarrafa bayanin. Shi zai zauna da masanin har ya gane abin da lambobin ke faɗi, ya yanke abin da za a bari da wanda za a zubar, ya yi zanen gwaji da fensir, sannan ya miƙa. Marie Reidemeister, wadda ta karanta lissafi da kimiyya, ita ta riƙe wannan kujera, kuma a ganina ita ce uwar sana'ar da ɗaliban yau ke koyo, ko da yake sunan Neurath, wanda ya zama mijinta, ya fi nata yawo. Rikicin siyasar 1934 ya kore su zuwa Holan, inda tsarin ya samu sunan Isotype. A 1940 Otto da Marie suka tsere wa sojojin Jamus a ƙaramin jirgin ruwa zuwa Ingila, aka tsare su na wani lokaci, suka fito suka yi aure. Otto ya rasu a 1945, Marie Neurath ta ci gaba da aikin shekara fiye da ashirin.

A nan ne labarin ya iso Najeriya. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo, wadda ta ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1955, ta ɗauki cibiyar Isotype ta Marie aikin yi wa jama'a bayanin manufofinta. Ta zo Ibadan da kanta, ta ga mutanen da za su karanta, aka fitar da ƙananan littattafai kan ilimi da lafiya da noma da yadda ake zaɓe. Alamomin da aka tsara don leburan Biyana ba su dace da manomin koko ba, sai da aka sake zana mutanen da tufafinsu da gidajensu. Cibiyar ta kuma yi ayyuka a Saliyo da Gold Coast, Gana ta yau. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban fostar rigakafi a bangon asibitin ƙauye ya san matsalar da ta fuskanta: alamar da mai zane ke ganin kowa ya sani, mai kallo na iya karanta ta daban.

Abin da ya rage shi ne shigar da sana'ar cikin littattafan karatu. Jacques Bertin na Faransa a 1967 ya tsara hanyoyin da alama ke iya bambanta a takarda, irin su matsayi da girma da siffa da launi, da irin bayanin da kowanne ya dace da shi. Edward Tufte a 1983 ya yaƙi ƙawa marar amfani, yana neman a kashe tawada kan bayani kawai. A 1984 William Cleveland da Robert McGill suka gwada mutane, suka nuna ido ya fi iya kwatanta matsayi da tsawo a kan kusurwa da fili. Shi ya sa malami ke hana ɗalibi yanka da'ira gida goma, kuma shi ya sa ake tsananta batun sifili. Ginshiƙin da aka datse gindinsa tamkar mudu ne da aka bubbuga ƙasansa ya shige ciki: daga sama a cike yake, mai saye kuwa an cuce shi.

Yau manhaja na fitar da zane cikin daƙiƙa, ta zaɓa maka launi, ta jera maka alamomi. Abin da ba ta yi shi ne aikin Marie, wato zama da alƙaluman har a gane su, da sanin wanda zai kalla. Ana ganin rashin wannan a zanukan kasafin kuɗi da na sakamakon zaɓe da ke yawo a WhatsApp, masu kyan gani amma ba a faɗi inda aka samo lambobin ba.

A 1971 Marie Neurath ta miƙa takardun cibiyarta ga Jami'ar Reading da ke Ingila, har da ayyukan Afirka ta Yamma. Malaman zane a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, ku nemo littattafan nan na Ibadan ku sa su a gaban ɗalibai tare da na Minard da Nightingale. Sannan ku tura kowane ɗalibi da zanensa wurin wanda bai yi boko ba, ya tambaye shi abin da ya gani, kafin ku ba shi maki.