Canjin sauti a Hausar zango ta Alabar

Alabar unguwa ce ta zango a birnin Kumasi na ƙasar Gana, inda Hausa ta kafu ta hanyar fataucin goro. Masana harshe na kiran wannan karin Gananci. Alamarsa da aka fi sani ita ce sauya ky zuwa c, da gy zuwa j: kyau ya koma cau, gyara ya koma jara. Da yawa kuma ba sa bambanta ƙ da k, ko ɗ da d.

Wasu kan ɗauka wannan gurɓacewa ce, alhali Kananci ma haka ya sauya. Tun a shekarun 1920 Bajamushe August Klingenheben ya nuna cewa b da m da k na ƙarshen gaɓa sun rikiɗe zuwa u. Shi ya sa Basakkwace ke cewa zamna da amre, Bakano kuwa zauna da aure, kuma daga talaka aka samu talauci.

Da irin wannan awo Jacob Grimm ya nuna a 1822 yadda p ta asali ta zama f a harsunan dangin Jamusanci: pater a Latin, father a Turanci.