Mafarki da Fassararsa a Wajen Malaman Yerwa

Ta'abiri shi ne ilmin fassara mafarki, kuma yana cikin abubuwan da har gobe ke sa mutanenmu na kudu kiran waya gida. Mutum yana Agege ko Lokpanta ko Sabon Ibadan, ya kwana ya ga abin da ya tsaya masa a rai, gari na wayewa sai neman lambar wani Goni a Yerwa. Ba banza aka zaɓi Yerwa ba. Tun kafin a kafa garin a 1907, lokacin da Shehu Garbai ya tare a can da fadarsa, Barno ta yi suna a haddar Alƙur'ani, shi ya sa in yaro ya tafi karatu ake cewa ya tafi gabas. Goni a bakin Barebari shi ne Gwani namu.

Malamin da ya san abin da yake yi ba ya fara da fassara, da tantancewa yake farawa. Hadisi ya kasa mafarki uku: akwai na gari, wanda bushara ce daga Allah, akwai na Shaiɗan, don ya firgita mutum ko ya sa shi baƙin ciki, sai kuma zancen zuci, wato abin da ka wuni kana juyawa a rai ya biyo ka barci. Na farkon kaɗai ake fassarawa, shi ne aka ce kashi ɗaya ne cikin kashi 46 na annabci. Saboda haka za ka ji malam na ta jero tambayoyi: Mece ce sana'arka? Da alwala ka kwanta? Kana da zazzaɓi? Akwai bashi a kanka? Ba ja maka rai yake yi ba, aikin ke nan.

Ɗauki mafarkin shanu, tunda mu nan muka fi kauri. A Suratu Yusuf, sarkin Masar ya ga shanu bakwai masu ƙiba, wasu ramammu bakwai suna cinye su, da zangarniya bakwai kore da wasu busassu. Fadawansa suka ce ruɗanin barci ne. Annabi Yusuf (AS) ya fassara da shekara bakwai na yalwa, bakwai na fari a bayansu, ya kuma ba da shawara a bar hatsi a zangarniyarsa don kada ya lalace. Daga nan masu ta'abiri suka ɗauki saniya a matsayin shekara, mai ƙiba ta wadata, ramammiya ta ƙunci. To amma sarki ne ya gani, ba dillali ba. Wanda ya wuni a Kasuwar Shanu ta Gamboru yana taya Wadara da Kuri, ko ya kwana biyu a bayan tirela yana tayar da saniyar da ta kwanta kada 'yan uwanta su tattake ta, in ya ga shanu a barci, galibi wuninsa ne ya dawo masa. In dai duk mafarkin saniya shekara ce, da ɗan fatake ya ga ƙarni guda a mako ɗaya.

Ma'ana tana bin mai mafarkin, ba abin da aka gani kaɗai ba. Ana ba da labarin Muhammadu ɗan Sirin, malamin Basra da ya rasu a shekara ta 110 bayan hijira, cewa mutum biyu sun zo masa, kowanne ya ga kansa yana kiran salla. Ya ce wa na farko zai yi hajji, na biyu kuwa ya ce sata za ta fito a kansa. Ɗalibai suka yi mamaki, sai ya ce ya ga alamun kirki a na farko, ya tuna kiran mutane zuwa hajji a Suratul Hajji. Na biyun bai ga haka ba, ya tuna shelar da aka yi wa ayarin 'yan uwan Yusuf kan ɓatan ma'aunin sarki. Wannan ne ya sa 'yan littattafan "Fassarar Mafarki" da ake tallarsu a tasha, masu jera maciji kaza ne, haƙori kaza ne, ba su isa hujja ba. Shi kansa babban littafin da ake dangantawa ga Ibnu Sirin, masu bincike da yawa sun ce ba shi ya rubuta ba, daga baya aka tattara.

Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Yerwa kamar yadda ake yi a Kano da Zariya, tana da babi kan mafarki can wajen ƙarshe, ta kuma hana wanda ba shi da sani ya fassara. An ruwaito Imamu Malik ya ɗauki yin hakan a matsayin wasa da annabci. Ƙirƙirar mafarkin ƙarya ma laifi ne mai girma, hadisin Bukhari ya ce za a tilasta wa mai yi ya ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama, ba kuwa zai iya ba.

Inda aka fi samun ɓarna shi ne gina hukunci a kan mafarki. Ba ya halatta haram, ba ya kama ɓarawo, ba ya tabbatar da maita. Kiran salla ma da Abdullahi ɗan Zaid ya gani a barci, sai da Manzon Allah (SAW) ya tabbatar sannan ya zama shari'a. Amma sai ka ga mutum ya yi mafarkin abokin cinikinsa na bin sa da wuƙa, ya raba jari, ko mace ta ga kishiyarta ta ba ta abinci, shi ke nan gida ya kama da wuta. A kudu abin ya ƙaru, domin muna zaune da maƙwabta da ke ɗaukar cin abinci a mafarki tamkar an yi wa mutum asiri, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Haka batun istihara. Abin da ya zo a hadisin Jabir shi ne raka'a biyu da addu'a, mai buƙata ya yi da kansa, sannan ya sa gaba a abin da ya nufa. Babu sharaɗin sai an ga fari ko baƙi a barci. Al'adar tura kuɗi gida a ce malam ya kwana ya duba ko a ɗauki lodin Legas ko a fasa auren wance, ta yaɗu ƙwarai, amma ba daga wannan hadisin ta fito ba. Duk wanda ya yanka maka farashi kafin ya ji mafarkin, ko ya ce sai an kawo baƙin bunsuru, ka riƙe kuɗinka.

Mafarki mai daɗi, a gode wa Allah, a faɗa wa masoyi ko malami kawai. Annabi Yakubu ma ya hana ɗansa gaya wa 'yan uwansa, balle a saka shi a zauren WhatsApp na mutum ɗari biyu. Mummuna kuwa, mutum ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya juya ɗaya gefen ko ya tashi ya yi salla, kada ya gaya wa kowa.

Akwai kuma wanda ba na malam kaɗai ba ne. Zazzaɓin cizon sauro da ƙwayoyi irin su tramol suna kawo munanan mafarkai, dannau kuma ya fi kama mai ƙarancin barci. Wanda ya ga tashin hankalin da aka shiga tun 2009, ko ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, in abu ɗaya ke dawo masa kullum yana farkawa cikin gumi, wannan ciwo ne da likitoci suka sani kuma ana maganinsa. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a kan hanyar Baga a Maiduguri, na kudu kuma akwai irinsa a Yaba cikin Legas, da Aro a Abeokuta, da Inugu.