Caca a wasannin Amurka: yadda rikicin ya shafi NBA, NFL da MLB

Ranar 23 ga Oktoban 2025 hukumar FBI ta Amurka ta sanar da kama mutane fiye da 30 a bincike biyu da suka shafi caca. Cikinsu har da Terry Rozier, ɗan wasan ƙwallon kwando na Miami Heat, da Chauncey Billups, mai horar da ƙungiyar Portland. Ba a yi mako uku ba, sai kotun tarayya a New York ta tuhumi ƴan wasan besbol biyu na Cleveland Guardians, Emmanuel Clase da Luis Ortiz. Dukansu huɗu sun musanta laifi a gaban alƙali. Tun daga nan muhawara ta sake zafi a Amurka kan caca da makomar manyan wasanninsu uku.

Ga wanda bai saba bin su ba, NBA ita ce babbar gasar ƙwallon kwando, mai ƙungiyoyi 30. NFL ta ƙwallon ƙafa ce irin ta Amurka, wadda suna kawai ta haɗa da tamu ta Mena, don da hannu ake rungumar ƙwallon a ruga da shi, ƴan wasa na sanye da hular kwano, ƙungiyoyinta 32. MLB kuwa gasar besbol ce, wasan jifa da bugu da sanda, ita ma ƙungiyoyi 30. Duk inda muka ce dala a nan, dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

Dokar 1992 da hukuncin 2018

A 1992 majalisar Amurka ta yi dokar da ta hana jihohi halatta caca a kan wasanni. Jihar Nevada, inda birnin Las Vegas yake, ita kaɗai aka bar wa cikakkiyar dama. Da jihar New Jersey ta nemi buɗe tata kasuwa a 2012, NBA da NFL da MLB suna cikin waɗanda suka maka ta kotu, suna cewa caca za ta ɓata amanar wasa. Shari'a ta ja har Kotun Ƙoli, wadda ta soke dokar ranar 14 ga Mayun 2018. Yanzu jihohi fiye da 35 sun halatta, akasari ta salula. California da Texas, jihohi biyu mafi yawan jama'a, ba su halatta ba. Ƙungiyar kamfanonin caca ta ƙasar ta ce a 2024 kaɗai kuɗin da aka zuba ta halattacciyar hanya ya kusa dala miliyar 150.

Abin mamakin shi ne saurin da masu ƙarar jiya suka zama abokan ciniki. Shugaban NBA, Adam Silver, ya riga kowa juyawa: tun a Nuwamban 2014 ya rubuta a jaridar New York Times cewa gara a halatta a sa ido. A 2021 NFL ta ƙulla yarjejeniya da DraftKings, FanDuel da Caesars. Las Vegas, garin da a da ake gudun kai ƙungiya, ya karɓi Raiders a 2020, ya kuma ɗauki baƙuncin wasan ƙarshe na NFL, wato Super Bowl, a Fabrairun 2024.

Ƙaramar caca, babbar ƙofa

Nan ne gizo ke saƙa. Cacar da aka sani a da ita ce ta wa zai ci, wa zai faɗi. Mai son murɗe irin wannan sai ya sayi mutane da yawa, kuma asirin mutum takwas ba ya daɗewa a rufe. Haka ta faru a 1919, lokacin da aka zargi ƴan wasan Chicago White Sox takwas da sayar da wasan ƙarshe na besbol ga Cincinnati Reds. Kotu ta wanke su a 1921, amma hukumar wasan ta kore su har abada.

Yau manhajar salula tana ba ka damar sa kuɗi a kan abin da mutum ɗaya zai yi. Wane zai ci maki sama da 10 ko ƙasa da 10? Sau nawa zai cafe ƙwallon da ya dawo daga kwando? Idan ka sa kuɗinka a "ƙasa", kuma ɗan wasan ya fita bayan minti uku ya ce cikinsa na ciwo, to ka ci. Ba a buƙatar ƙungiyarsa ta faɗi, ba a buƙatar abokan wasansa su sani. Mutum ɗaya ya isa, kuma zai iya lallashin zuciyarsa da cewa bai cuci kowa ba.

Abin da Jontay Porter na Toronto Raptors ya yi ke nan. Ƙaramin ɗan wasa ne da kwantiraginsa ke kai da kawo tsakanin babbar ƙungiya da ta ƙasa. A wasan 20 ga Maris 2024 da Sacramento Kings ya fita bayan kimanin minti uku, wai ba shi da lafiya. Ashe wani ya zuba dala 80,000 a tikitin haɗi, irin wanda matasa ke cewa kombine, cewa Porter zai gaza a komai, da fatan kwasar dala miliyan 1.1. Kamfanin cacar ya ga abin bai yi kama da hankali ba, ya riƙe kuɗin, ya kai rahoto. A watan Afrilu NBA ta kore shi har abada, a Yuli kuma ya amsa laifi a kotu, inda ya ce bashin caca ne ya yi mishi katutu.

Zargin da ake wa Rozier kusan iri ɗaya ne: wai a wasan 23 ga Maris 2023, lokacin yana Charlotte Hornets, ya gaya wa wani abokinsa zai fita da wuri, ya kuma fita kafin ya cika minti goma. Na Billups daban ne, kuma sau da yawa ana cakuɗa su. Shi ana tuhumarsa ne da zama tarko a teburin karta da aka murɗe da na'urori, wanda masu gabatar da ƙara suka ce gungun mafiya na New York ke bayansa.

A besbol abin ya fi haka ƙanƙanta. A wasa ɗaya ana yin jifa kusan 300, kuma ana iya caca a kan kowanne: zai faɗa inda ya kamata ko zai kauce, gudunsa zai kai kaza ko ba zai kai ba. Mai jifa ya buga ƙwallo ɗaya da ƙasa a farkon zagaye, wa zai ce da gangan ne? Ana zargin Clase da yin haka tun Mayun 2023, har masu cacar suka samu aƙalla dala 400,000. Ortiz kuma ana cewa an ba shi dala 5,000 kan jifa ɗaya ranar 15 ga Yunin 2025. Ka tuna Clase yana kan kwantiragin dala miliyan 20 na shekara biyar. Don haka masu cewa talauci ne kaɗai ke jefa ɗan wasa cikin wannan hali, maganarsu ba ta cika ba.

Hukunci

Dokar MLB tsohuwa ce, kuma an manna ta a ɗakin canza kaya na kowace ƙungiya: ka yi caca a wasan besbol da ba ka ciki, dakatarwar shekara ɗaya, a wasan da kake da hannu, kora har abada. Da ita aka kori Tucupita Marcano na San Diego Padres a Yunin 2024, bayan an gano ya yi caca sau 387 a kan besbol. A NFL, Calvin Ridley ya rasa kakar 2022 gaba ɗaya saboda cacar da shi da kansa ya ce ta dala 1,500 ce, kuma a 2023 an dakatar da wasu da dama, har da ƴan Detroit Lions da Indianapolis Colts. A wannan shekarar aka gyara dokar: caca a kan NFL shekara ɗaya aƙalla, a kan ƙungiyarka shekara biyu.

Alƙalan wasa ma ba su tsira ba. Tim Donaghy na NBA ya sha ɗaurin wata 15 a gidan kaso bayan asirinsa ya tonu a 2007, tun kafin a halatta cacar. Sai labarin Ippei Mizuhara, tafintan Shohei Ohtani, ɗan Japan ɗin da ya fi kowa suna a besbol. Ya kwashe kusan dala miliyan 17 daga asusun ubangidansa, wajen miliyar 10 na sefa, don biyan bashin wani mai cacar ɓoye. An yanke mishi wata 57 a Fabrairun 2025, masu bincike kuma suka ce Ohtani cutarsa aka yi.

Me ake jayayya a kai?

Shugabannin gasannin suna cewa halattawar ce ta sa ake kama mutane. Kowane tikiti yana da suna, akwai kamfanonin da aikinsu shi ne lura da kuɗin da ya yi tsalle ba dalili, kuma da a ɓoye aka yi cacar Porter da ba wanda zai ji. Akwai gaskiya a ciki, kuma labarin Donaghy da na 1919 sun nuna ba 2018 ce ta haifi matsalar ba.

Masu suka suna amsawa da cewa wanda ya baza hatsi a tsakar gida bai kamata ya yi mamakin kaji ba. Mai cacar ɓoye na da bai taɓa sayar da tikiti a kan jifa ɗaya ga miliyoyin mutane cikin daƙiƙa ba. Manhaja ce ta kawo wannan. A ganina nan hujjarsu ta fi ƙarfi, kuma gasannin da kansu sun nuna haka a aikace. Bayan Porter, NBA ta sa kamfanonin da take hulɗa da su suka daina karɓar cacar "ƙasa" a kan ƴan wasa masu ƙaramin kwantiragi irin nasa. Kwana ɗaya bayan tuhumar Clase, MLB ta sanar cewa caca a kan jifa ɗaya ba za ta wuce dala 200 ba, wato jika ɗari da ƴan kai, kuma ba za a sa ta cikin tikitin haɗi ba. Gwamnan Ohio, Mike DeWine, wanda shi ne ya sa hannu a dokar halatta caca a jiharsa, ya nemi a hana irin wannan ƙaramar caca. A majalisar tarayya kuma, Paul Tonko da Richard Blumenthal sun gabatar da ƙudurin da zai taƙaita tallar caca lokacin da ake nuna wasa kai tsaye.

Akwai wani ɓangare da ƴan wasa suka fi kuka da shi. Wanda ya yi asarar kuɗinsa saboda ka rasa maki ɗaya yana da hanyar isa gare ka ta Instagram ko X. A Mayun 2025 Lance McCullers na Houston Astros ya ce an yi barazanar kashe ƴaƴansa bayan wani wasa da bai yi mishi kyau ba, kuma ƴan sanda suka gano wani mai caca ne daga ƙasar waje.

Masu bin ƙwallon Turai a fadojinmu sun san irin wannan. Ivan Toney ya sha dakatarwar wata takwas a Ingila a 2023, Sandro Tonali wata goma. Cacar katin gargaɗi ko yawan kwana da ake gani a salula ƙanwar cacar jifa ɗaya ce ta besbol, kuma mai danna ta daga Maraɗi ko Damagaram ba shi da hanyar sanin ko wani a can ya riga ya san sakamako.

Batun Pete Rose

Pete Rose ne ya fi kowa yawan bugu mai kyau a tarihin MLB, 4,256. An kore shi a 1989 saboda caca a kan wasannin Cincinnati Reds lokacin yana horar da ita. Ya yi shekara goma sha huɗu yana musu, sai a 2004 ya amsa. Duk roƙon da ya yi a mayar da shi an ƙi, har ya rasu ranar 30 ga Satumban 2024. A Mayun 2025 shugaban MLB, Rob Manfred, ya yanke cewa korar har abada tana ƙarewa da mutuwar mutum, ya cire sunan Rose da na ƴan White Sox na 1919 daga jerin korarru. Wasu sun ce adalci ne da ya makara, tunda gasar da ta hukunta shi yau tana cin kuɗin tallar caca. Wasu kuma sun ce an sassauta doka a daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Kwamitin da zai iya duba shigar da shi zauren karrama gwanayen besbol da ke Cooperstown zai zauna a Disamban 2027.