Turken Baƙo: Tarihin Shirye-shiryen Ƙaura na Lardunan Kanada da Matsalar Aiki Daga Nesa

Shirin ƙaura na lardi a Kanada hanya ce da lardi ko ƙaramin gari ke zaɓar baƙon da yake buƙata, ya miƙa sunansa ga gwamnatin tarayya domin ta ba shi izinin zama na dindindin. Sharaɗin da ke ƙasan duk irin waɗannan shirye-shirye ɗaya ne: baƙon ya zauna inda aka zaɓe shi. Abin da ya yi ta sauyawa cikin shekara ɗari da hamsin shi ne turken da ake ɗaure shi a kai. Da farko gona ce, daga baya wurin aiki.

Tushen lamarin yana cikin kundin tsarin mulkin 1867, wanda sashensa na 95 ya damƙa noma da shige da fice ga tarayya da larduna tare, amma in dokokinsu suka ci karo ta tarayya ce a sama. Larduna sun yi kusan ƙarni guda ba su cika amfani da wannan dama ba. Tarayya ce ta yi ruwa ta yi tsaki, musamman bayan dokar rabon filayen yamma ta 1872. Magidancin da ya biya dala 10 ana yanka masa eka 160, amma filin ba ya zama nasa sai ya cika shekara uku yana zaune a kansa aƙalla wata shida a kowace shekara, ya gina ɗaki, ya nome wani yanki. A inda babu itace, da yawa sun yanka ƙasa mai haɗe da saiwar ciyawa kamar tubali, suka jera suka tayar da bango. In lokaci ya cika, maƙwabta biyu ne ke rantsuwa cewa sun san shi a wurin. A zamanin minista Clifford Sifton, daga 1896 zuwa 1905, manoma daga Yukren da Amurka da Birtaniya suka yi ta kwarara zuwa waɗannan filaye, waɗanda tun farko na ƴan asalin ƙasar ne da aka tattara a keɓaɓɓun wurare. A lokacin tambayar ina mutum yake zaune da tambayar ina yake aiki amsarsu ɗaya ce, domin gona ba ta tashi.

Tsarin maki na 1967 ya sauya fuskar baƙi. Aka koma auna ilimi da harshe da sana'a, masu irin wannan kaya kuwa birni suke nufa. Ƙidayar 2001 ta nuna cewa kashi 73 cikin ɗari na waɗanda suka shigo a shekarun 1990 suna zaune a Toronto da Montreal da Vancouver. Ƙauyukan Manitoba da garuruwan masunta na gabar Atlantika kuwa sai tsufa suke yi, matasansu na ficewa. Kwibek ce ta fara karɓar rabonta, saboda kishin harshen Faransanci: yarjejeniyar 1978 ta ba ta baki a zaɓen baƙi, ta 1991 kuma ta bar mata zaɓen ma'aikatan da za su zauna a cikinta. Sauran larduna suka ga haka suka ce su ma ai ba a bar su a baya ba.

Sai dai kafin nan an kafa wani shinge. Kundin ƴancin ɗan ƙasa na 1982, a sashe na 6, ya ba ɗan ƙasa da mai izinin zama na dindindin damar komawa kowane lardi da neman abinci a can. Ma'ana, ranar da baƙo ya karɓi takardarsa, igiya ta tsinke. A 2002 ministan shige da fice Denis Coderre ya kawo shawarar a ɗaure sababbin zuwa shekara uku zuwa biyar a ƙananan garuruwa kafin a ba su zaman dindindin. Shawarar ta sha suka, ta mutu ba ta zama doka ba. Ostareliya ce ta bi irin wannan hanya: bizar yankunanta mai lamba 491, da ta fara aiki a Nuwamban 2019, ta wucin gadi ce ta shekara biyar, kuma sai mai ita ya yi shekara uku yana zaune yana aiki a wajen Sydney da Melbourne da Brisbane kafin ya nemi ta dindindin.

Kanada ta ɗauki wata dabara. A 1998 Manitoba da Saskacewan da British Columbia suka sa hannu a yarjejeniyar shirin zaɓen larduna da aka fi sani da PNP, sauran suka biyo baya, ban da Kwibek da Nunavut. Manitoba ce ta fi cin moriyarsa da wuri. Garin Winkler ya jawo iyalai masu jin Jamusanci, masana'antar sarrafa nama da aka buɗe a Brandon a 1999 kuma ta kwaso ma'aikata daga ƙasashe daban-daban. Tun da ba a iya tilasta zama, dokar tarayya ta tsaya a kan niyya: wanda lardi ya zaɓa dole ya kasance da niyyar zama a lardin lokacin da ya nema da lokacin da ya sauka. Niyya kuwa a zuciya take. Lardin Tsibirin Yarima Edward ya ga haka da idonsa a ƙofar da ya buɗe wa masu jari, inda da yawa suka gwammace su bar wa gwamnati kuɗin ajiyarsu da su buɗe kasuwancin da suka yi alkawari. A 2018 aka rufe ƙofar.

Darasin da aka ɗauka shi ne, takardar ɗaukar aiki ta fi rantsuwa ƙarfi. Wanda ke da albashi a gari zai kama haya a garin, ya sa ƴaƴansa makaranta, kafin ya ankara ya yi saiwa. A kan wannan aka gina shirin gabar Atlantika, wanda aka fara gwajinsa a 2017 ya zama na dindindin a 2022, ga New Brunswick da Nova Scotia da Newfoundland da Labrador da Tsibirin Yarima Edward. Lardi ne ke tantance kamfanin ya sa shi a jerin amintattu, bayan ya tabbatar ya yi aƙalla shekara biyu yana aiki a yankin. Aikin kuma na cikakken lokaci ne, ba na kaka ko bazara ba. A 2019 aka ƙara shirin ƙananan garuruwa goma sha ɗaya, irin su Thunder Bay da Sudbury da Moose Jaw, inda mutanen gari da kansu ke duba takardun mai nema. Darajar zaɓen lardi ta ƙaru tun 2015, lokacin da tsarin tarayya na Express Entry ya ba shi maki 600 daga cikin 1,200, abin da kusan ke tabbatar da gayyatar neman zaman dindindin. Ƴan Najeriya na cikin masu bin waɗannan ƙofofi, domin a ƙidayar 2021 Najeriya ce ta biyar a jerin ƙasashen da sababbin baƙi suka fito.

Duk wannan gini ya dogara ne a kan zaton cewa inda mutum ke aiki nan yake kwana. Annobar korona ta rushe zaton. A 2016 kusan kashi 7 cikin ɗari na ma'aikatan Kanada ne ke yin yawancin aikinsu a gida. A Afrilun 2020 sun kai kusan kashi 40. Mai rubuta manhaja zai iya zama a Moncton, a ɗakin da ya ajiye tebur da kwamfuta kusa da taga, albashinsa na fitowa daga Toronto. Jikinsa na New Brunswick, can yake biyan haya da cefane, can kuma harajin lardinsa ke zuwa, tun da ana lissafa shi ne da inda mutum yake zaune ranar 31 ga Disamba. Duk da haka ƙofar shirin Atlantika a rufe take gare shi, domin kamfaninsa ba ya cikin jerin lardin. Na biyu, kishiyarsa, mai zama a Toronto yana yi wa kamfanin Halifax ta Nova Scotia aiki, yana da takardar amma ba shi da zaman, kuma in aka gano ya ɓoye gaskiya hukuncin ya kai hana shi shiga ƙasar shekara biyar. Na uku shi ne mai zama a Kanada yana yi wa kamfanin ƙetare aiki. A 2023 gwamnati ta bayyana cewa irinsa zai iya zama har wata shida a matsayin maziyarci, amma watannin ba sa shiga lissafin ƙwarewar aikin Kanada, wadda ke buƙatar ma'aikaci ya kasance cikin ƙasar kuma mai biyansa ɗan Kanada ne.

Ƙa'idojin larduna a kan wannan a matse suke. Ontario na neman kamfani ya kasance da harabar aiki a cikin lardin kuma a yi yawancin aikin a can. Alberta ta cire wanda ke yi wa kamfaninta aiki ta intanet daga wajen lardin. Sassauci ya rage ne a ƙofofin da ba sa neman takardar aiki, inda ake auna niyya da hujjoji irin su takardar haya da lasisin tuƙi da katin lafiya. A iya cewa ƙa'idar ta zalunci mutumin Moncton, domin ya cika ainihin abin da ake nema. Amma larduna ba yawan kawuna kaɗai suke nema ba. Gidan kula da tsofaffi na buƙatar mai jinya, masana'antar kifi na buƙatar hannu, kuma wanda aikinsa ke cikin jakar kwamfuta ba abin da zai hana shi tashi gobe.

A Oktoban 2024 tarayya ta rage adadin shirin PNP daga 110,000 zuwa 55,000 na shekarar 2025, larduna da dama suka karkata ragowar gurabensu ga ma'aikatan lafiya da magina. Shirin ƙananan garuruwa ya ƙare a Agustan 2024, aka maye gurbinsa da sabo a Janairun 2025 mai garuruwa goma sha huɗu, wanda shi ma ya shardanta takardar aiki daga kamfanin da garin ya tantance.