Kukan Bagazil a Garejojin Ƙasar Yauri

Kafin mota ta yi ƙarfi, Kogin Kwara ne babbar hanyar ƙasar Yauri. A jirgin ruwa albasar Gungawa da shinkafa da busasshen kifi ke isa Yelwa. Da aka gama madatsar ruwan Kainji a 1968, zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur, tafki ya shanye tsibirai da gonakin fadama, aka tashi mutum fiye da 40,000 zuwa sababbin ƙauyuka a tudu. Ƙauyen tudu kuwa sai da mota. Nan Bedford da Austin suka samu aiki, daga baya Marsandi 911 da muke kira roka ta karɓe hanyar Kontagora zuwa Yelwa, Koko da Jega.

Motocin nan duka da ƙafafun baya suke tafiya. Farfela ce ke kawo ƙarfin inji zuwa bagazil, a cikinsa ƙaramin giya ya miƙa wa babban giya, shi kuma ya raba wa tayoyi. Lodin buhunan albasa a hanyar burji mai yashi da ramuka, kan haƙoran waɗannan giyoyi biyu yake ƙarewa. Shi ya sa a garejin da na koyi aiki a Yelwa, bayan na baro gida Birnin Yauri, ba a kiran yaro bakanike don ya iya kwance inji. Sai ya haɗa bagazil an hau titi ba a ji kukansa ba.

Maigidana bai mallaki agogon awo ba. Jan fenti yake shafa wa haƙoran babban giya, ya juya da hannu, ya duba inda fentin ya goge. In shaidar ta zauna tsakiyar haƙori, ya ce alhamdu lillahi. In ta hau baki ko ta nutse gindi, a sake kwancewa, a ƙara ko a rage 'yan siraran wasoshin da ke bayan boris. In babu, a yanka daga gwangwani. Wasan da ake bari tsakanin haƙoran bai kai rabin milimita ba, shi kuma da yatsu yake jinsa.

Amma hukuncin gaskiya a titi ake yanke shi. Yakan zaunar da direba a sitiyari, ni ya tura ni bodi in kwanta in ɗora kunne a katako. In mun tsaya ya ce, "Yaro, yaushe ya yi kuka?" In na ce, "Maigida, sa'ad da aka taka totur," to zaman haƙoran ne bai daidaita ba, ƙaramin giya ya shige da yawa ko bai isa ba. In kuwa sai an ɗaga ƙafa mota na gangarawa da kanta kukan ke tashi, boris ɗin ƙaramin giya zai fara tuhuma, ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba. Gurnanin da ke ƙaruwa in an karkata dama, ya lafa in an karkata hagu, wannan na boris ɗin taya ne, kuma na sha ganin an kwance bagazil lafiyayye a banza saboda shi. Ƙarar "kwas" lokacin tashi, a duba kuros ɗin farfela tukuna. Tsofaffin Fijo 403 da 404 na farko ma nasu daban ne: babban giyansu na tagulla ne, yana da mansa na musamman, wanda ya zuba masa man giyan roka ya cinye shi.

A ganina 1986 ce ta gwada masu sana'ar. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, sabon kaya ya gagari mai mota. Aka koma Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano neman na hannu. Giyoyin nan biyu kuwa tun daga masana'anta tare ake goga su har su saba, kamar turmi da taɓaryarsa. Mai mota zai kawo babban giya daga wata mota, ƙarami daga wata, ya ce a haɗa. Komai gwanintarka zai yi kuka. Maigidana yakan faɗa tun kafin ya taɓa sifana: "Alhaji, zai kai ka Jega ya dawo da kai, amma shiru kam ba zai yi ba." Wasu sukan cika shi da giris mai kauri don kukan ya ɓuya har a biya su. Wannan ha'inci ne, domin giris ba ya ratsa boris kamar mai, kuma a daji motar za ta tsaya da lodin mutane.

Da Golf da Sharon suka cika tasha, aikin ya ragu, don su da ƙafafun gaba suke ja. Yaran yanzu da yawa sun fi son a sayo bagazil sukutum ɗan Kwatano a ɗaura, kuma ban ga laifin mai motar da ke gaggawa ba. Sai dai Kanta da Hilux da Hiace masu shiga Wara da Shanga har gobe da baya suke tafiya, kuma na Kwatanon ma da gajiyarsa yake zuwa. Duk wanda aka kawo mini sai na buɗe murfin, na shafa fenti, na juya, sannan in tura yaro bodi mu hau hanyar Kontagora.