Tarihin Taswirar Yanayi a Kafofin Watsa Labarai

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda taswirar yanayi ta fito daga ɗakin binciken masana har ta zauna a shafin jarida da allon talabijin. Abin da ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe kuwa shi ne, taswirar tsarin alamomi ce, kuma kamar kowane harshe, ma'anarta ta dogara ne a kan yarjejeniyar da ke tsakanin mai zanawa da mai dubawa.

2.0 Asali

A shekarar 1817 Bajamushen nan Alexander von Humboldt ya ƙago dabarar jan layi a kan taswira domin haɗa wuraren da zafinsu ya zo ɗaya. A 1820 kuma wani Bajamushen, Heinrich Brandes, ya wallafa nazarinsa a kan yanayin Turai, sai dai bayanan shekarar 1783 ya yi amfani da su. Wato taswirar farko labarin abin da ya riga ya wuce take bayarwa, domin a zamanin hadari ya fi wasiƙa sauri.

Wayar tangaraho ce ta sauya al'amarin. Ranar 14 ga Nuwamba 1854, ana cikin Yaƙin Kirimiya, guguwa ta farfasa jiragen ruwan Ingila da Faransa a Baƙin Teku. Da aka ɗora wa Urbain Le Verrier alhakin bincike, sai ya nuna cewa guguwar ta ratso Turai ne sannu a hankali, don haka da an tattara labarinta ta waya da an yi gargaɗi. A Ingila Robert FitzRoy ya fara buga hasashen yanayi a jaridar The Times a 1861, amma da kalmomi. Sai ranar 1 ga Afrilu 1875 jaridar ta fito da taswirar da Francis Galton ya tsara, ita ma ta yanayin ranar da ta gabata.

3.0 Daga Masana Zuwa Jama'a

Ranar 11 ga Janairu 1954 George Cowling ya tsaya gaban taswira a talabijin na BBC yana bayani da bakinsa. Tun daga nan aikin ya rabu biyu: akwai mai auna yanayi, akwai kuma mai fassara awon ga wanda bai san lissafi ba. Tauraron ɗan'adam TIROS-1 ya fara aiko da hotunan gizagizai a 1960, jaridar USA Today kuma ta shahara da taswira mai launuka tun fitowarta a 1982. A yau mai karatu da kansa ke taɓa taswirar a wayarsa, ya matso da garinsu, ya zaɓi sa'ar da yake so.

Sai dai kyan zane bai ba da tabbacin fahimta ba. Babban misali shi ne siffar mazurari wadda Cibiyar Lura da Guguwa ta Amurka ta fara amfani da ita a 2002. Mazurarin yana nuna inda tsakiyar guguwa za ta iya bi ne kawai, kuma ana ƙayyade faɗinsa daga kurakuran hasashen shekaru 5 da suka gabata, ta yadda tsakiyar za ta faɗa cikinsa kimanin sau 2 cikin 3. Bincike ya nuna mutane da yawa suna ɗaukar faɗin nan a matsayin girman guguwar, wasu kuma suna zaton duk wanda ke wajen layin ya tsira. Wannan kuskure na iya hana iyali barin gida, alhali ambaliya da iska ba su san layi ba. Laifin bai tsaya ga mai dubawa ba, domin ido ya saba ɗaukar layi a matsayin iyaka, mai zanen kuwa shakka yake nufi da shi.

Hatta launi yakan gaza. A Janairun 2013 hukumar yanayi ta Ostareliya ta ƙara sababbin launuka a taswirarta, saboda hasashen zafin ya zarce digiri 50, inda tsohon ma'aunin launukan ya tsaya.